William Brown (injiniya)

William Brown (1928 – 2005) injiniya ne ɗan ƙasar Birtaniya wanda ya ƙware wajen tsara gadojin ƙarfe, musamman masu rataye a jikin igiyoyin ƙarfe. An fi saninsa da sabon fasalin shimfiɗar gada da ya kawo, wanda ke hana iska girgiza ta.

Karatu da farkon aiki

Brown ya karanta aikin injiniya a Southampton, sannan ya ƙaro ilimi a Imperial College da ke Landan. Daga nan ya kama aiki da kamfanin Freeman Fox & Partners, inda ya yi aiki tare da Gilbert Roberts. Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa na farko ita ce gadar Adomi a kan kogin Volta a Ghana, mai siffar baka, wadda Kwame Nkrumah ya buɗe a 1957.

Gadar Severn

A 1940 iska ta kada gadar Tacoma Narrows a Amurka har ta rushe. Bayan haka injiniyoyi suka riƙa tallafe dogayen gadoji da sarƙaƙƙun ƙarafa masu nauyi da tsada. A gadar Severn, wadda aka buɗe a 1966, Brown da Roberts sun bi wata hanya dabam: sun ƙera shimfiɗar kamar rufaffen akwatin ƙarfe mai sirantattun gefuna, irin na fiffiken jirgin sama. Iska na wucewa ta sama da ƙasa ba tare da ta tura ta ba, kuma ƙarfen da ake buƙata ya ragu ƙwarai.

An yi amfani da wannan fasali a gadar Bosphorus da ke Istanbul (1973) da gadar Humber a Ingila (1981), wadda tazarar tsakiyarta ta kai mita 1,410, mafi tsawo a duniya har zuwa 1998.

Haɗurran 1970

A 1970 gadoji biyu masu shimfiɗar akwati da kamfanin ya tsara sun rushe ana cikin gina su: ɗaya a Milford Haven, inda mutum 4 suka mutu, ɗaya kuma a Melbourne, inda aka rasa 35. Wannan ya sa Birtaniya ta tsaurara ƙa'idojin ƙera irin waɗannan gadoji.

Ƙarshen rayuwa

Brown ya bar kamfanin a 1985, ya kafa nasa mai suna Brown Beech & Associates. Ya ba da gudummawa wajen tsara gadar mashigin Messina a Italiya. Ya rasu a 2005.