Shirun Uwar Liyafa: Tarihin Kasuwancin da Ya Jingina da Falon Jama'a

A watan Satumba na 2024, kamfanin Tupperware mai yin robobin ajiye abinci ya garzaya kotu a jihar Delaware ta Amurka yana neman kariya daga masu binsa bashi. Masu sharhi sun jero dalilai: bashi ya yi masa katutu, robobi masu araha sun cika shaguna, masu saye sun koma intanet. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai wani rauni da ya girmi waɗannan duka, wanda kowace wakiliyar kamfanin ta san shi tun shekarun 1950. Shi ne matar da ta yi alkawarin tara ƙawayenta a gidanta domin a nuna musu kaya, aka sa rana, sannan ta daina ɗaga waya.

Tsarin da ake kira liyafar talla a sauƙaƙe yake. Wakiliyar kamfani ba ta da shago. Takan samu wata uwargida ta ara mata falonta, ta gayyato 'yan'uwa da maƙwabta, ta tanadi shayi da ɗan abin taɓawa. Wakiliya ta baje kaya, ta yi bayani, ta rubuta abin da kowa ke so. Ita ta samu la'ada, uwar liyafa ta samu tukuici. Ginin gaba ɗaya yana tsaye ne a kan mutum ɗaya da ba ma'aikaciya ba ce, ba ta sa hannu a takarda ba, kuma babu mai ikon tilasta mata. Tarihin wannan kasuwanci, idan aka bi shi a tsanake, tarihi ne na dabarun hana wannan mata yin shiru.

Ƙofar da doka ta rufe

Kafin liyafa, ƙwanƙwasa ƙofa ake yi. A 1886 David McConnell, wanda ke yawon tallar littattafai gida-gida, ya kafa kamfanin turaren da daga baya, a 1939, ya koma Avon. A 1906 Alfred Fuller ya fara sana'ar buroshi a birnin Hartford, har masu tallarsa suka zama sanannun baƙi a ƙofofin Amurka. Da tattalin arziki ya durƙushe a 1929, marasa aikin yi suka kwararo cikin wannan sana'a, ƙwanƙwasawa ta yi yawa, masu gidaje suka ƙosa, masu shaguna suka yi kuka.

A 1931 wani ƙaramin gari mai suna Green River a jihar Wyoming ya kafa dokar da ta hana mai talla zuwa gidan kowa sai idan mai gidan ne ya gayyace shi. Garuruwa da dama suka kwaikwaya, har sunan garin ya zama sunan irin wannan doka. A 1951 Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar da halaccin makamanciyarta a shari'ar Breard da birnin Alexandria na jihar Louisiana. Kalmar da komai ya rataya a kanta ita ce gayyata. Wanda aka gayyata baƙo ne, wanda ba a gayyata ba mai kutse ne.

A wannan shekara ta 1931 ne Frank Stanley Beveridge, tsohon jami'in kamfanin Fuller, da Catherine O'Brien suka kafa Stanley Home Products a garin Westfield na Massachusetts. Masu sayar da tukwanen alminiyon sun riga sun gwada dafa abinci a gaban taron mata a gidajen mutane, amma Stanley ne, zuwa ƙarshen shekarun 1930, ya mayar da taron gida ginshiƙin cinikinsa. Ribar a fili take. Maimakon mai talla ya bi ƙofa goma ana rufe masa tara, sai ya shiga gida ɗaya da izini ya tarar da mata goma a zaune. Aikin neman masu saye, wanda shi ne mafi wuya a kowace talla, ya sauka daga kan mai talla ya hau kan uwargida.

Brownie Wise da kwanon da ya ƙi sayuwa

A 1946 Earl Tupper ya fitar da kwanonsa na roba mai murfin da ba ya barin iska ta shiga. A shaguna kayan suka yi kwantai, domin mutane ba su san yadda ake rufe murfin ba. Sai an danna tsakiyarsa, an ɗaga gefe kaɗan iska ta fita. Abu ne da ke buƙatar a nuna da hannu.

Brownie Wise, bazawara mai ɗa guda da ta koyi sana'ar a Stanley, ta gane haka. Ta fara sayar da robobin a taron mata a yankin Detroit, sannan a Florida. Takan cika kwano da ruwa, ta rufe, ta cilla shi tsakiyar falo, ko ɗigo bai zuba ba. Cinikinta ya ja hankalin Tupper, a 1951 ya naɗa ta mataimakiyar shugaba mai kula da sashen liyafa, ya kuma janye kayansa daga shaguna baki ɗaya. A 1954 ta zama mace ta farko da hotonta ya fito a bangon mujallar Business Week.

Janye kaya daga shaguna shawara ce mai nauyi. Daga ranar, babu kwanon da zai bar masana'anta sai wata mata ta buɗe ƙofarta. Wise ta fahimci cewa ainihin abin da wakiliya ke farauta a kowace liyafa shi ne liyafa ta gaba. Saboda haka aka tsara tukuicin uwar liyafa bisa ma'auni biyu: yawan cinikin da aka yi, da yawan baƙin da suka yarda su shirya tasu. Uwargida ta zama mai roƙon ƙawayenta da bakinta. Akwai kuma dabarar karas: wakiliya ta bai wa maƙwabciya roba ta ce ta ajiye karas a ciki, ta ajiye wani a mazubin da ta saba, bayan kwanaki ta dawo su duba wanda ya yanƙwane. Dalilin dawowar shi ne a sa ranar liyafa.

Dalilin shirun

Ruwa ba ya tsami banza. Shirun uwar liyafa daga cikin tsarin kansa yake fitowa, tun daga yadda ake karɓar alkawarin. Ana tambayar baƙuwa ne a gaban jama'a, tana zaune a falon ƙawarta, ta sha shayinta, kuma ta san cewa amincewarta ce za ta cika wa ƙawar sharaɗin samun babban tukuici. A irin wannan zama, cewa a'a tamkar watsa wa mai gida ƙasa a ido ne. Sai ta ce to. Bayan ta koma gida lissafi ya fara: share gida, sayen abin sha, shawo kan maigida, da kuma mafi nauyi, kiran mutum ashirin ko talatin tana roƙonsu su zo su kashe kuɗi. Ga fargabar ranar ta zo kujeru su zama wayam. Kunyar da ta sa ta amsa ita ce take hana ta janyewa a fili, sai ta zaɓi hanyar da ba ta buƙatar magana.

Masana sun auna wannan ƙarfi na zumunci. Robert Cialdini, a littafinsa Influence na 1984, ya kawo liyafar Tupperware a matsayin misalin yadda ƙauna da ramuwar alheri ke sa mutum ya sayi abin da bai yi niyya ba. A 1990 Jonathan Frenzen da Harry Davis suka wallafa binciken da ya nuna cewa ƙarfin dangantaka tsakanin baƙuwa da uwar liyafa yana da babban tasiri wajen ko za ta saya. Ma'ana, jarin da ake juyawa a falon shi ne mutuncin uwargida a idon ƙawayenta, kuma jari ne mai ƙarewa. Wadda ta gayyaci mutane sau uku a shekara takan ga an fara kauce mata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ɓangaren wakiliya kuwa, shirun asara ce ta kai tsaye. Tun bayan dokar inshorar zamantakewa ta 1935, kamfanonin wannan fanni suka rungumi ɗaukar masu talla a matsayin masu zaman kansu, kuma a 1982 dokar haraji ta tarayya ta tabbatar da wannan matsayi. Babu albashi. Idan liyafa ta rushe, wakiliya ce ta yi asarar yinin, da kuɗin katin gayyata, da liyafun da za a haifa daga wannan. A ɗauki misali: liyafa goma, kowace ta samar da alkawari biyu. Idan rabi suka cika, ana nan a goma. Idan huɗu cikin goma kawai suka cika, zagaye na gaba takwas ne, na bayansa shida, sai biyar. Ɗan bambanci a cika alkawari shi ke raba wakiliyar da ta ɗore da wadda littafinta ya bushe cikin 'yan watanni.

Maganin da aka yi ta gwadawa

Daga nan aka samu abin da masu sana'ar ke kira horar da uwar liyafa, wanda ya zama babi na dindindin a littattafan koyarwarsu. Ƙa'idojinsa kusan ɗaya ne daga kamfani zuwa kamfani. A sa rana kusa, cikin mako biyu ko uku, kafin zumuɗi ya huce. A tuntuɓe ta cikin kwana ɗaya ko biyu da yin alkawari. A karɓi jerin sunayen baƙi da wuri, wakiliya ta aika gayyatar da kanta, domin da zarar katin ya fita janyewa ta yi wuya. A gayyaci ninkin waɗanda ake sa ran za su zo. A ce mata kada ta wahalar da kanta da girki. A kuma riƙa sa liyafu fiye da buƙata, tun da an san wasu za su faɗi.

Idan duk da haka ta yi shiru, shawarar da gogaggu suka tsaya a kanta ita ce a buɗe mata ƙofar fita da mutunci. A aika saƙo ɗaya bayyananne mai wa'adi, cewa idan ba a ji daga gare ta ba zuwa rana kaza za a ba wata ranar, ba tare da zargi ba. Ko a rage mata nauyi: ta zagaya da littafin kaya a wurin aiki ta tattaro sunayen masu so, ba sai an taru ba. Hikimar ita ce, matar da aka kunyata ta tafi ke nan har da ƙawayenta, wadda aka sallama cikin girmamawa kuwa takan dawo ko da a matsayin mai saye.

Wasu sun gyara tsarin ne daga tushe. Mary Kay Ash, wadda ita ma ta fito daga Stanley, ta kafa kamfaninta na kayan kwalliya a Dallas a 1963 da dala 5,000, ta mayar da taron ƙaramin aji na mata biyar ko shida, abin da ya sauƙaƙa wa mai masauki. Doris Christopher, da ta kafa Pampered Chef a 1980, ta mayar da shi darasin girki, yadda baƙi za su tashi da wani abu ko ba su saya ba. Ita kuwa Wise ba ta ga ƙarshen abin da ta gina daga ciki ba. Tupper ya sallame ta a 1958, a shekarar kuma ya sayar da kamfanin ga Rexall a kan dala miliyan 16.

Da falo ya koma waya

Liyafar ta bunƙasa ne a zamanin da matan sababbin unguwannin bayan gari ke gida da rana, nesa da danginsu, suna neman dalilin haɗuwa. A 1950 kusan kashi 34 cikin 100 na matan Amurka ne ke cikin ma'aikata. Zuwa 1999 sun kai kashi 60. Lokacin da ake ara kyauta ya yi tsada. A Birtaniya, inda aka fara liyafar Tupperware a 1960, kamfanin ya rufe harkar a 2003.

A shekarun 2010 liyafa ta koma Facebook. Babu shara, babu shayi, gayyatar mutum ɗari biyu danna maɓalli ce. Da farko an ɗauka an magance matsalar, sai ga shi ta ƙaru. Abin da ke sa baƙuwa ta zo, ta kuma saya, shi ne idon ƙawarta. Da aka cire ido, amsawa ta zama ba ta da nauyi, ɓacewa ma haka. Wakiliya takan ga alamar an karanta saƙonta, ta jira amsa har ranar ta wuce. A 2022 Tupperware ya kai kayansa shagunan Target, shekara 71 bayan Tupper ya janye su daga kanti. Bayan shekara biyu ya shiga kotu.

Har yau akwai kamfanonin da ke rayuwa da liyafa, kuma akwai matan da suka samu kuɗin kansu da gogewar kasuwanci ta wannan hanya a lokacin da ofisoshi suka rufe musu ƙofa. Amma shekaru fiye da tamanin na tukuici da horo da tunatarwa ba su kawar da shirun ba, domin dukkansu sun ɗauke shi a matsayin sakaci. Galibi amsa ce da ta makara, ita ce a'ar da ba a ba matar damar faɗi ba ranar da aka tambaye ta a gaban mutane. Wakilan da suka daɗe a sana'ar su ne waɗanda suka koyi yin tambayar a keɓe, suka bayyana aikin da ke ciki tun farko, suka kuma karɓi a'a a ranar da aka faɗe ta.