Wa Ke da Ta Cewa? Soja da Farar Hula a Shirin Battlestar Galactica

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci takun-saƙar shugabanci tsakanin soja da farar hula a Battlestar Galactica, shirin almarar kimiyya mai dogon zango da Ronald D. Moore ya sabunta a Amurka (2003 zuwa 2009). An ɗora nazarin kan ra'in Samuel Huntington na 1957, wanda ke ganin zaman lafiyar ƙasa yana samuwa idan soja ya tsaya kan sana'arsa, ya bar wa farar hula siyasa.

Rabon iko

Bayan mutum-mutumin Cylon sun hallaka duniyoyi 12, mutum kimanin 50,000 kaɗai suka tsira cikin jiragen sararin samaniya. Laura Roslin, ministar ilimi kuma ta 43 a jerin magada mulki, ta zama shugaba. Kwamanda William Adama kuwa shi ke riƙe da jirgin yaƙi ɗaya tilo da ke cikin ayarin jiragen a lokacin. Sai suka yi yarjejeniyar baka: harkar yaƙi ta Adama ce, sha'anin jama'a na Roslin. Da farko Adama ya kiyaye iyaka, har ya nuna ƙyamar mayar da sojoji 'yan sanda, don gudun kada su riƙa kallon talakawa a matsayin abokan gaba.

Inda gizo ke saƙar

Ra'in Huntington yana buƙatar iyaka bayyananniya, alhali a ayarin da ake farauta dare da rana kowace shawara ta yaƙi ce, kuma ta siyasa ce. A ƙarshen zango na farko Roslin ta zagaye Adama, ta sa matuƙiya Kara Thrace ta ɗauki jirgi zuwa Caprica, ɗaya daga cikin duniyoyin da aka hallaka, neman wata kibiya mai tsarki. Adama ya tura dakaru suka kama ta. Juyin mulki ne ƙarara, ko da yake shi bai kira shi haka ba. Da aka harbi Adama ya kwanta jinya, mataimakinsa Kanar Tigh ya kafa dokar soja, kuma ba a jima ba sojoji suka kashe fararen hula huɗu a jirgin Gideon. Abin da Adama ya ji tsoro tun farko, matakinsa ne ya buɗe masa ƙofa.

Shirin bai wanke farar hula ba. Bayan ta koma kan mulki, Roslin ta amince a murɗe zaɓen da abokin takararta Gaius Baltar ya lashe, kuma Adama ne ya taka mata birki. A nan ne mai nazari ya kamata ya damu: sojan da ya hana maguɗi shi ne wanda ya taɓa tsare shugabar, kuma a duka lokutan biyu lamirinsa ya bi, ba kotu ko majalisa ba. Mulkin farar hula a wannan shiri ya rayu ne muddin mai riƙe da bindiga ya ga dama, kuma marubutan sun ɗinke ɓarakar da shaƙuwar mutum biyu maimakon doka. Wannan shi ne babban raunin shirin a matsayinsa na nazarin siyasa.