Ƙauyen Aro: Yadda aka yi jinyar masu taɓin hankali a cikin jama'a

Duk wanda ya daɗe a ƙasar Yarbawa ya san in an ce Aro, asibitin ƙwaƙwalwa na Abekuta ake nufi, har wasu kan tsokani juna da sunan. Amma tarihin wurin ya fi ƙarfin zolaya.

A zamanin Turawa, tsarewa ce kusan duk abin da aka tanadar wa mai taɓin hankali, kamar gidan Yaba da aka buɗe a Legas a 1907. A raba mutum da danginsa, a kulle shi, shi ke nan.

A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abekuta, ya dawo daga karatu a Ingila ya kama aiki a Aro. Sai ya sasanta da dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin, suka yarda su riƙa saukar da marasa lafiya a gidajensu ana biyansu kuɗin haya. Sharaɗin shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan uwansa, yawanci uwa ko 'yar uwa, wadda za ta dafa masa abincin da ya saba, ta raka shi asibiti da safe, su koma masauki tare. Yana shan magani, yana kuma shiga kasuwa, yana gaisawa da maƙwabta.

Abin da ya fi jawo magana shi ne Lambo ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Bai bar musu jinyar ba, likitoci na nan da magungunansu. Ya dai lura cewa wanda ya yi imani sammu aka yi masa, in ka fara da ƙaryata shi, gobe ba za ka gan shi ba. A ganina nan ne basirarsa take. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya rasu a 2004.

Yau a manyan asibitoci, jami'an jin daɗin jama'a ne ke riƙe da wannan ɓangare: su zauna da dangi, su ji yadda gida yake, su shirya komawar majinyaci cikin mutanensa. Mu mazauna Sabo da zango mun fi buƙatarsu, domin ɗanmu kan je gaban likitan da ba ya jin Hausa, bai kuma san kunyar da ke hana matar aure faɗin damuwarta a gaban namiji ba. Shi ya sa da yawa sai a sa mara lafiya a mota a mai da shi Arewa, a tsaya ga ruƙiyya kaɗai, alhali addu'a ba ta hana shan magani. In an kai wani Aro ko Yaba, a nemi ganin jami'in nan tun ranar farko, a tafi da mai fassara, a kuma gaya masa in ana son liman ko malamin gida ya shigo cikin maganar.