Madugan Tenere: Daga Akala Zuwa Sitiyari

Ranar da maigidana ya fara sakar mini gaba, motoci huɗu ne a ayarinmu, kafin hantsi na mayar da su uku. Mun baro garin Fashi da asuba mun nufi Bilma, ɗauke da Turawa masu yawon buɗe ido. Rairayi ya kwana yana shan sanyi, ya yi tauri, Land Cruiser na gudu kamar a kan kwalta, ni kuma ƙuruciya na ɗibata. Maigida na zaune a gefena, bai ce uffan ba. Can sai ya taɓa mini gwiwa ya ce, "Tsaya nan, yaro. Sauka ka ƙirga mini motocinka." Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Ta huɗun, mai ɗauke da jarkokin ruwa, babu ita babu ƙurarta.

Muka juya muka bi sawunmu a hankali, muka tarar da ita ta kafe har ciki a bayan wani tudu, direban yana haƙa da shebur shi kaɗai. Maigida bai zage ni ba, da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Shebur ɗin ya karɓa ya miƙo mini, ya ce, "Da iska ta taso ta shafe sawun nan fa, me za ka sha?" Daga ranar sai da na shekara biyu ina bin baya kafin ya sake ba ni gaba.

Mutumin nan Ba'azbine ne, kuma kafin ya taɓa sitiyari ya ja akala zuwa Bilma ba sau ɗaya ba. Direbobi ba sa kiransa da sunansa, sai Madugu. Kalmar tamu ce, amma Azbinawa ma da ita suke kiran shugaban ayarin gishiri, kuma ba don ado ta bi mu cikin mota ba.

A zamanin fataucin goro, in ayari zai tashi daga Kano zuwa Gwanja, wato kasuwar Salaga ta ƙasar Gana ta yanzu, tafiyar wata da watanni ce, mutane ɗaruruwa da jakuna. Madugu uban tafiya shi ke sa ranar tashi, shi ke zaɓen hanya da zango, shi ke daidaitawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu kan kuɗin fito, shi ke raba faɗa. Yana da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da malamin da ke duba sa'a yana riƙe lissafi. Abin lura shi ne jagaba daban, madugu daban. Sanin hanya aikin wani ne da za a iya ɗauka, amma wanda za a tambaya in an dawo gida babu ɗan wani, shi ne madugu.

Ta arewa kuwa ayarin gishiri ne. Baturen nan Heinrich Barth, da ya sauka Agadas a Oktoban 1850, ya tarar ana haramar tashi Bilma, aka gaya masa raƙuman sun kai 10,000. Har gobe da kaka ake tashi, a kai gero a sauko da dabino da kantu, gishirin nan da iyayenmu ke ce wa balma. Tsakanin Azbin da Fashi kwanaki ake yi ba ciyawa ba itace, saboda haka kowane raƙumi da harawarsa a ka, ana ajiye wata a hanya don dawowa. Ba a tsayawa da rana, mutum yana tafe yake dama furarsa. Maigida ya ce da dare kaza da 'ya'yanta suke sa wa goshi in ta fito ta gabas, da rana kuma inuwar raƙumi da kwanciyar rairayi.

Da mota ta shigo hamada ba ta zo ita kaɗai ba, a ayari ta zo. Motocin Citroën biyar, masu sarƙa a ƙafafun baya, suka bar Tuggurt ta Aljeriya ran 17 ga Disamba 1922, suka shiga Tumbutu ran 7 ga Janairu 1923, bayan an riga an ajiye musu mai da ruwa a hanya. Dabarar harawa ke nan, an sauya mata kaya. A ƙarshen 1959 kamfanin Berliet ya aiko manyan motoci tara suka ratsa hamadar Tenere daga Janat zuwa Fort Lami, wadda yanzu ake kira Njamena, suna kafa turakun ƙarfe masu lamba don na baya. Na ga irin waɗannan turakun da idona, wasu iska ta cinye fentinsu, wasu rairayi ya binne saura kai.

Kafin turaku, alama ɗaya ce a wannan fili: bishiyar Tenere, wata ƙaya da ta tsaya ita kaɗai, sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga wata. Ayari nawa suka yada zango a gindinta, ba wanda ya sare reshe don dafa shayi, ba wanda ya bar raƙuminsa ya ci. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gawarta na gidan tarihi a Yamai, an dasa ta ƙarfe a gurbinta. Duk faɗin Allah da ke wurin, mutum ya rasa inda zai bi sai kanta. In ina horon yara da wannan nake farawa.

Sai zamanin tsere. A 1977 wani Bature, Thierry Sabine, ya ɓace a kan babur cikin hamada, aka tsinto shi da kyar, maimakon ya tuba sai ya ƙirƙiro gasar Paris-Dakar, wadda ta tashi karon farko ran 26 ga Disamba 1978. Shekaru da yawa Agadas zango ce a gasar. Ni dai ban taɓa ganin hikimar gudu a wurin da ba asibiti ba, amma ba zan yi butulci ba, tseren ne ya sa duniya ta san Tenere, baƙi suka fara zuwa. Wani Ba'azbine, Mano Dayak, ya kafa kamfaninsa na yawon buɗe ido, Temet Voyages, wasu suka bi sahu, 'ya'yan masu raƙuma suka zama direbobi da 'yan jagora. Tawayen farkon shekarun 1990 ya tsayar da harkar, sulhun 1995 ya maido da ita, kuma a wannan tsakanin na zo daga Damagaram na shiga yaron mota.

Makarantar ba ta da allo. Wata shida na farko wanke tukunya da ɗaura kaya ne aikina, sai kuma tayoyi. Da an bar tsakuwa za a shiga rairayi, sai a tsaya, in bi ƙafa huɗu na kowace mota ina sace iska har taya ta yi tumbi, ta baje, don ta taka yashi maimakon ta haƙa shi. Da an fito kan duwatsu kuma in ɗauko famfo in mayar, in ba haka ba dutse ya yanke gefenta. In mota ta kafe, doka ta farko a ɗage ƙafa daga mai, don duk juyin da taya ta ƙara, kabarinta take haƙawa. A share gaban ƙafafun, a cusa farantan ƙarfe a ƙarƙashi, direba ya ja a hankali, kuma ba zai tsaya ba sai ya kai ƙasa mai tauri. Yaron mota shi zai tono farantan, suna zafi kamar tanda, ya saɓa ya bi mota da gudu. Tudun da ba a ga bayansa ba, sauka ake yi a hau da ƙafa a leƙa, domin gefen da iska ke bugawa shimfiɗe yake, ɗaya gefen kuwa gangare ne a tsaye. Mota ɗaya ke hawa, sai ta sauka ta ba da wuri ta biyu ta taso.

Waɗannan duk hannu ke koyonsu. Abin da ya fi wuya shi ne lissafi da duban baya. Maigida yakan ƙirga kwanakin tafiya ya ninka, a kan wannan zai auna ruwa, kuma bayan ranar da na ba ku labari bai sake tara ruwan a mota ɗaya ba, ya ce kuskuren rabinsa nasa ne. Makanike a motar ƙarshe yake zama, da igiyar ja da kayan gyara. Kowane direba, wanda ke bayansa amanarsa ne: in ya ɓace maka a madubi ka tsaya, na gabanka zai ga ka ɓace shi ma ya tsaya, har abin ya kai ga na gaba. Da dare kafin a kwanta sai an faɗa wa kowa, har baƙi, cewa in mota ta mutu ba mai barinta ya taka da ƙafa, domin mota ana hangenta daga nesa, tana da inuwa, mutum kuwa ɗigo ne. Akwai ranar da wani baƙo ya nace sai mun kai shi wani kwari da ba ya cikin lissafin manmu, har ya ciro kuɗi. Maigida ya yi dariya ya ce, "Gaya masa mota ba ta shan takarda."

A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan firaministar Ingila ta lokacin, ya rabu da 'yan ayarinsa a kudancin Aljeriya cikin tseren Paris-Dakar, ya kwana shida, jirage suka yi ta shawagi har aka gan shi. Ɗan talaka ba shi da jirgi, motar da ke gabansa da ta bayansa su ne gatansa.

Tawayen 2007 da satar Turawa a Arlit a 2010 suka kashe yawon buɗe ido. Gaddafi ya faɗi a 2011, zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, Hilux ta cika gari, kowa ya zama direban sahara, har wanda bai taɓa ɗaukar faranti ba. A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu mutanen Kance, 'yan ƙasarmu ta Damagaram. Motoci biyu ne, duka suka lalace, mutane suka watsu da ƙafa neman rijiya. Duk da haka a lokacin hanyar Libiya tana da sauran tsari, don ran Litinin ake tashi a ayari guda da rakiyar soja zuwa Dirku. Sai dokar 2015 ta haramta jigilar baƙin haure, daga 2016 aka shiga kama direbobi ana ƙwace motoci. Masu dokar sun ce rai suke karewa. Abin da na gani shi ne tafiyar ba ta tsaya ba, ayarin ne ya watse. Yara suka koma fita ɗaiɗai da dare, suna kauce wa rijiyoyi don can jami'ai suke, sun dogara da GPS da wayar Thuraya. Na'urar tana nuna maka inda kake, ba ta jawo ka daga rami. A 2017 mota guda ta mutu tsakanin Agadas da Dirku, mutum 44 suka rasu da ƙishirwa.

An soke dokar a Nuwamban 2023, motoci sun koma fita a fili. Sai dai tsofaffin da suka yi akala kafin sitiyari sun kusa ƙarewa, maigidana ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ɗan'uwa, in tafiya ta kai ka tashar Agadas, kafin ka miƙa kuɗi tambayi direba motoci nawa za ku tashi, wa ke gaba, wa ke baya, sannan ka zagaya ka ɗaga jarkokin da hannunka ka ji ko da ruwa a ciki.