Tarihin Ƙaramar Kwamfutar Tebur da Darasinsa ga Masu Adana Rubutu a Zangon Kumasi

Gabatarwa

Alƙalami ya daɗe da zama a Kumasi. Tun kafin a kafa zangon da aka sani a yau, akwai Musulmi marubuta a babban birnin Tonawa, kamar yadda Hausawan dauri ke kiran Asante. Thomas Bowdich ya tarar da su a 1817, Joseph Dupuis ma ya gan su a 1820, suna rubuta wa fada wasiƙu da layu. Wasu takardunsu da aka kwashe a yaƙin Katamanso na 1826 suna nan ajiye a ɗakin karatu na sarauta na ƙasar Denmak. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, fataken goro da malamai suka kwararo kudu, zango ya cika ya batse, har ya bazu zuwa Aboabo da Asawase da Sabon Zango.

Abin da waɗannan malamai suka bari na Larabci da ajami yana cikin gafaka da adaka, gara da laima suna ci a hankali. Mai son ceto shi a yau sai ya ɗauki hoton kowane shafi, ya naɗi muryar dattawan da suka san karatunsa. Shafi ɗaya da aka ɗauka da kyamara mai megafiksel 24, idan ba a matse hoton ba, yakan kai megabait 72, shafi dubu kuwa gigabait 72 ke nan. Aikin yana neman kwamfuta mai ƙarfi, ƙarama don ɗakunan zango ba su da yalwa, marar ƙara don kada kukanta ya shiga muryar da ake naɗa. Wannan maƙala za ta bi tarihin irin wannan na'ura, domin a cikinsa ne ƙa'idar zaɓen sassanta take.

Ƙa'idar kuwa ɗaya ce. Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Zafi sai an kore shi da iska, iskar da fanka ke turawa kuma ita ce ƙarar da kunne ke ji.

Zamanin Farko

Kwamfutar Apple II ta 1977 ba ta da fanka ko ɗaya, saboda injiniya Rod Holt ya ƙera mata akwatin wuta wanda ba ya ɓarnar lantarki da yawa. Da kamfanin ya sake gwada haka da Apple III a 1980, sai na'urar ta yi ƙaurin suna wajen zafi da lalacewa, har aka janye dubbai daga cikin na farko. Tun a nan aka gane cewa shiru yana da sharaɗi: wanda ya cire fanka, dole ya rage wuta.

A watan Agustan 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur, wadda ita ce kakar mafi yawan waɗanda ake amfani da su a yau. Firosesarta, wato sashen da ke yin lissafi, tana gudun megahaz 4.77 ne kawai, akwatin wutarta kuma bai wuce wat 63.5 ba. A 1995 Intel ya fitar da ma'aunin ATX na uwar allo, wato allon da ake dasa sauran sassa a kai, mai milimita 305 da 244. A wannan shekara ce Ghana ta samu cikakken haɗi da intanet, saboda haka manyan akwatunan wannan zamani su ne suka cika shagunan intanet na Kumasi a shekarun da suka biyo baya.

Tseren Gudu da Iyakarsa

Daga nan kamfanoni suka shiga tseren gudu. Pentium 4 ta fito a 2000, nau'inta na 2004 mai suna Prescott kuma ya kai ga fitar da zafin wat 115. Fankokin wancan lokaci ƙanana ne masu saurin juyi, kukansu kamar na injin markaɗe. A 2004 ɗin Intel ya soke shirin kai ta gigahaz 4, ta tsaya a 3.8. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Mafita ta fito daga kwamfutar cinya, inda batir ya tilasta tattalin wuta. Daga tsarin Pentium M ta 2003 aka gina Core 2 Duo ta Yulin 2006, wadda ta fi Pentium 4 aiki da wat 65 kacal. Tun daga lokacin, yawan aikin da ake samu a kowane wat ya zama ma'aunin da masana ke dubawa.

Ƙanƙancewar Akwati

Da zafi ya ragu, sai akwati ya samu damar ƙanƙancewa. Kamfanin VIA na Taiwan ya fito da ma'aunin Mini-ITX a 2001, allo mai milimita 170 a kowane gefe. Mac mini ta zo a Janairun 2005, daga baya Intel ya fito da jerin NUC masu cika tafin hannu. Abubuwa biyu ne suka kammala wannan sauyi. Na farko, daga 2011 sashen sarrafa hoto ya koma cikin firosesa kanta da ƙarfin da ya isa aikin ofis da bidiyo, saboda haka wanda ba wasa yake yi ba ya huta da sayen katin hoto, sashen da kan fi kowanne shan wuta. Na biyu, ma'adanar SSD ta maye gurbin faifan ajiya mai juyi 7,200 a minti ɗaya. Babu abin da ke motsi a cikinta, nau'inta na M.2 da aka fi amfani da shi kuma bai wuce milimita 22 da 80 ba.

Yanayin Kumasi

Yawancin waɗannan na'urori an tsara su ne don ofis mai sanyi. A Kumasi kuwa, zafin Fabrairu da Maris yakan haura digiri 30, ga laima a damina, ga ƙurar hunturu daga Disamba. Iskar da ta shigo da ɗumi ba ta ɗaukar zafi sosai, don haka fanka kan ƙara gudu. Ƙura kuma tana toshe ƙarfen sanyaya kamar bargo.

Sai batun lantarki. Madatsar Akosombo ta fara ba da wuta a 1965, amma daga 2012, lokacin da bututun gas na Afirka ta Yamma ya lalace a gaɓar Togo, zuwa 2016, ƙasar ta sha fama da abin da ake kira dumsor, kalmar Twi mai nufin kashe da kunnawa. Wannan ya koya wa mutane lissafin da bai kamata a manta ba: batirin da zai riƙe na'ura mai shan wat 300 na minti goma, zai riƙe mai shan wat 40 fiye da awa ɗaya.

Darasi Wajen Zaɓen Sassa

Mai haɗa na'ura ya fara da firosesa mai wat 65 ko ƙasa, wadda ke da sashen hoto a cikinta. Ya ba RAM muhimmanci, wato ma'adanar wucin-gadi: gigabait 16 ya isa rubutu da sauti, 32 ya fi dacewa da manyan hotuna. Ya zaɓi fanka babba mai milimita 120 ko 140, domin babba tana tura iska mai yawa da juyi kaɗan, ƙarama kuwa sai ta yi ihu. Ya auna tsayin ƙarfen sanyaya da faɗin akwati kafin ya biya kuɗi. Akwatin wuta ya kasance mai shaidar 80 Plus, shirin da aka fara a 2004 don tantance masu ƙarancin ɓarna. Akwatin ya zama mai ragar tace ƙura da ake cirewa a wanke, kuma kada a kai ƙanƙanta maƙura, domin a ƙasa mai zafi ɗan sarari a ciki shi ne rahusar shiru.

Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai gwanjon ƙananan kwamfutocin ofis irin su OptiPlex da EliteDesk da ThinkCentre, waɗanda ke shigowa ta tashar Tema ana sayarwa a Adum. An gina su don aiki cikin natsuwa. Sai dai a lura cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman firosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama. Mai tsohuwar na'ura yana iya komawa Linux.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa ƙarfi da shiru da ƙanƙanta sun haɗu ne a lokacin da maƙera suka koyi tattalin wuta. Amma na'ura komai kyanta tana mutuwa, SSD kuma takan mutu ba tare da gargaɗi ba. Don haka duk hoton da aka ɗauka a ajiye shi a wuri uku, ɗaya daga ciki a wani gida daban. Malaman zango sun san wannan tun da can, shi ya sa almajiri kan kwafi littafin malaminsa da hannu ya tafi da shi garinsu.