Mafarki a ƙasar Kurfai: tsakanin malami, ɗan bori da likitan ƙwaƙwalwa

Shekaru kaɗan da suka wuce, wata ɗalibata ta yi kwana uku ba ta zo aji ba. Da ta dawo na tambaye ta dalili, sai ta ce ta yi mafarkin wata tsohuwa maƙwabciyarsu tana miƙa mata nama, ta farka jikinta a daskare, ta kasa motsi, ta kasa kururuwa. Kafin rana ta faɗi maganar ta zagaye unguwa, an fara kiran tsohuwar mayya, yara sun daina shiga gidanta. Tun daga ranar nake bibiyar tarihin wannan abu da muke gani ido rufe, har ya iya zubar da mutuncin mutum ido buɗe.

A ƙasarmu, daga Filinge zuwa Bonkuku ta Imanan, ba a taɓa ɗaukar mafarki abin wasa ba. Wanda ya je makarantar allo ya san labarin Annabi Yusufu da mafarkin sarkin Masar na shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu. Manomin da kakanninsa suka sha yunwar 1931, wadda fara ta haddasa a yammacin Nijar, ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a kan ramammun shanu. Malamai sun kasa mafarki gida uku bisa hadisi: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa. Sun kuma yi horo da cewa wanda ya ga mummunan mafarki ya nemi tsari, kada ya baza shi. Da an bi wannan horo, da tsohuwar unguwarmu ta tsira.

Sunan da ya fi shahara a fassarar mafarki shi ne Muhammadu Ibn Sirin, mutumin Basra, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira. Littafin da ake sayarwa da sunansa a kasuwanninmu, masu bincike sun nuna na baya ne suka harhaɗa shi. Amma labaran da ake bayarwa game da shi suna ɗauke da hikima. An ce mutum biyu sun zo masa, kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla; ya ce wa ɗaya zai je aikin Hajji, ya ce wa ɗayan za a kama shi da sata, domin ya dubi halin kowannensu kafin ya yi magana. Ashe tun wancan zamani an san fassara tana bin mai mafarkin.

Mafarki ya taɓa juya tarihin ƙasar Hausa baki ɗaya. Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin ƙasar Nijar ta yau, ya rubuta cewa da ya kai shekara arba'in ya yi ru'uya, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Wajen 1794 ke nan. Shekara goma bayan haka, a 1804, ya yi hijira zuwa Gudu, jihadi ya tashi. Mai tarihi ba shi da ma'aunin auna abin da Shehu ya gani, amma yana iya auna abin da ganin ya haifar a zukatan jama'arsa.

A nan Kurfai kuwa, abin da baki ya kasa faɗa ya fito ta wata ƙofa. A 1925 wata mata mai suna Shibo, ta garin Shikal, ta fara hawan wasu sababbin iskoki da aka kira Hauka ko Babule. Iskokin sojoji ne da gwamnoni, suna fareti, suna ba da umurni irin na Nasara. Mabiyanta suka ƙi bin sarautar Gado Namalaya da Faransawa suka ɗaure wa gindi, kwamandan Crocicchia ya sa aka kai su Yamai aka tsare. Ba a jima ba shi kansa ya zama ɗaya daga cikin iskokin, ana kiransa Kwamandan Mugu. Jean Rouch ya ɗauki jikokin wannan al'ada a Akara a 1954, cikin fim ɗinsa Les Maîtres fous. Hawan iska daban ne da mafarki, sai dai aikinsu ya yi kama: tsoron da aka haɗiye da rana yana dawowa sanye da wasu tufafi. Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa da ya yi aiki a Blida ta Aljeriya, ya lura a littafinsa na 1961 cewa wanda aka mallake yakan yi mafarkin gudu da tsalle da iyo, abubuwan da aka hana jikinsa a farke.

Ilimin halayyar ɗan Adam ya shigo wannan fage a makare. A 1900 Sigmund Freud, likita a Biyana, ya fitar da littafinsa na fassarar mafarki. A ganinsa mafarki biyan wani buri ne da zuciya ta danne, wanda ke fitowa a ɓad-da-kama. Ya ƙi yarda da ƙamus mai cewa maciji kaza ne, ruwa kaza ne. Yakan sa mai mafarkin ya faɗi duk abin da kowane hoto ya tuna masa. Carl Jung, wanda ya rabu da shi a 1913, ya ce mafarki ba ya ɓoye komi, yana cike giɓin abin da mutum ya yi watsi da shi a rayuwarsa ne.

A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na jami'ar Shikago suka gano wani zango na barci da idanu ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fata, wanda ke dawowa kusan kowane minti 90. Idan aka tashi mutum a lokacin, galibi yakan ce yana cikin mafarki. A wannan zango ƙwaƙwalwa takan kulle tsokokin jiki, don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Idan hankali ya farka kafin kullin ya kwance, sai mutum ya ji kamar an zauna masa a ƙirji. Wannan shi ne dannau, kuma shi ne ya sami ɗalibata. Rashin isasshen barci da damuwa suna ƙara shi, ita kuwa jarrabawa ce a gabanta. A 1977 Allan Hobson da Robert McCarley suka ce mafarki ƙoƙarin ƙwaƙwalwa ne na ɗinke tartsatsin da ke tashi cikinta ya zama labari. A 2000 Antti Revonsuo na ƙasar Finlan ya ce atisaye ne na fuskantar haɗari. Duk bambancinsu, sun haɗu a wuri guda da kason malamai na uku: mafarki yana ba da labarin mai shi. Shaidarsa a kan maƙwabci ba ta karɓuwa.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Ga malaman makaranta, mu ware darasi guda mu bayyana wa yara barci da dannau cikin Hausa, tare da tuna musu horon malamai na kame baki. Ga ƙungiyoyin al'adu kuwa, akwai abin koyi wurin Charlotte Beradt, wadda ta tattara mafarkai kusan 300 a Jamus daga 1933 zuwa 1939, suka zama shaidar yadda mulkin Hitila ya bi mutane har kan shimfiɗarsu. Tsofaffin da suka ga farin 1973 da na 1984 suna nan tare da mu a Filinge da Shikal da Bonkuku. Mun tambaye su yawan shanun da suka mutu. Mu koma da alƙalami mu tambaye su abin da suke gani cikin dare a waɗannan shekaru.