Gidan Coffin, Masaukin Bayin da Suka Tsere

Tun kafin Levi Coffin ya sauka a ƙauyen Newport na jihar Indiyana a Amurka a 1826, 'yantattun baƙar fata na yankin suna ɓoye bayin da suka tsallako Kogin Ohayo. Sai dai ba su da uwa a gindin murhu, mafarautan bayi kan kutsa gidajensu su fito da mutum. Coffin, ɗan ɗariƙar Kweka daga Karolina ta Arewa, ya zo da abin da suka rasa, wato dukiya da faɗa a ji. Yana da kanti, yana kuma cikin daraktocin reshen bankin jihar da ke Richmond. Mai neman rance kuwa ba ya so ya ɓata da irin wannan mutum.

A 1839 aka kammala masa gidan bulo mai ɗakuna 8. A ƙarƙashin gidan akwai madafa da rijiya, saboda haka ko baƙi sun yi yawa maƙwabta ba za su ga ana ta jidar ruwa ba. A wani ɗakin bene akwai 'yar ƙofa da ke shiga lungun rufi. In an tura gado ya tare ta, sai ka ce bango ne. Hanyoyin tserewa uku, daga Cincinnati da Madison da Jeffersonville, a nan suke haɗuwa. Da tsakar dare ake ƙwanƙwasa ƙofa, matarsa Catharine ta tashi ta hura wuta, ta ɗora tukunya, matan unguwa su ɗinka wa baƙin tufafi kafin a wuce da su arewa, wasu har Kanada. Wahalar yau da gobe a kanta ta ƙare, amma mijin aka fi yabo. An ƙiyasta cewa kusan mutum 2,000 suka bi ta hannunsu a Newport.

A 1847 Coffin da matarsa suka koma Cincinnati, gidan ya riƙa sauya hannu, har ya taɓa zama otal. Gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1965, jihar Indiyana ta saye shi a 1967, aka gyara aka buɗe wa jama'a a 1970. An ƙara cibiyar baƙi a 2016. Garin yanzu Fountain City ake kiransa, kuma sunan wurin a hukumance ya haɗa da na Catharine.